Randar Ƙwan Kunkuru

Shin ya sani ne, ko bai sani ba? Shekara da shekaru ina juya wannan tambaya a raina. Na tambayi 'ya'yana, na tambayi ƙanwarsa kafin ita ma ta bi shi, babu wanda ya ba ni amsar da ta zauna min. Ranar da maigidana ya ɗauke min randa ya cika ta da yashi, ya binne ƙwan kunkuru a ciki, shin ya san ba zai ga abin da zai fito ba? In ya sani, to wannan ita ce tsiya mafi girma da ya taɓa shuka min, kuma ya tafi ban rama ba.

Sunansa bai fito daga bakina ba yana raye, ba zai fito yanzu ba. Malam nake ce masa. Shi kuwa tun muna yara yake ce min Uwar Kaji, don ni da kaji tare muka tashi. Ɗan kawuna ne, ni 'yar gwaggonsa, wato taubashina ne, kuma auren bai kashe wasan da ke tsakaninmu ba. Ya taɓa sa min kwaɗo a tulu muna da 'ya'ya uku. Ni kuma na ɗaure masa ƙafar keke ta baya a turken akuya ranar kasuwar Gwiwa, ya hau ya taka da ƙarfi, sai ga shi a ƙasa da hula a gefe. Haka muka zauna har furfura ta rufe mu. Yanzu ma da nake faɗa hawaye ne ke zuba, amma a rubuta kawai, kada a tsaya jira na.

Aikinsa noma ne da damina, da rani kuma gyaran keke da liƙin fitila da dalma. Mutum ne da ba ya iya ganin abu lafiya lau ya ƙyale shi, sai ya kwance ya ga cikinsa. Wata rana, shekaru kaɗan bayan an ba mu Jigawa, ya dawo daga kasuwar Babura da daro ɗaure a bayan kekensa, an rufe da buhu. Na zaci gero ne. Da ya buɗe sai ga kunkuru, mace, faɗin bayanta ya kai faifai. Ya ce wani Buzu ne daga Nijar ya ba shi, don ya gyara masa fitila kuma sefar da ke hannunsa, kuɗin ƙasarsu, ta ƙare. Na ce gara da ya karɓi godiya kawai, ita ba ta cin ganye. Ya ce baƙuwa ce ta tsallako iyaka, a ba ta ruwa tukuna kafin a fara yi mata gori. Daga nan sunan ya bi ta: Baƙuwa.

Ta zauna da mu. Ta haƙa rami a gindin katanga, tana fitowa da hantsi ta ci harawa da ɓawon kankana, ta bi ta kan shanyata kamar gidan ubanta. Sau biyu ta cinye min ramar da na shuka a bayan ɗaki. Duk shekara in sanyi ya shigo sai ta tona ƙasa da ƙafafun baya ta zuba ƙwai, farare, zagaye sumul, ta mayar da ƙasa ta yi tafiyarta. Malam yakan kewaye wurin da ƙaya ya yi ta jira, ba abin da ke fitowa. Sai da ya gaji na ce masa, Malam, kazar da ba zakara ma tana ƙwai, amma ka taɓa ganin tsako? Ya kalle ni, ya ce ashe Uwar Kaji tana da amfani.

Washegari ya sa babbar riga, ya sayi goro, ya ce zai tafi Roni neman aure. Akwai wani abokinsa a can mai namijin kunkuru a gida. Ya same shi a zaure cikin mutane, ya zauna ya gyara murya, ya ce ya zo ne a kan maganar 'yarsa, tana da natsuwa, ba ta yawo, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Sai da aka raba goro aka fara sa albarka sannan ya faɗi ko wace ce. Abokin ya ce min daga baya har liman ɗin unguwarsu ya riga ya ɗaga hannu. Aka ɗauko ango a kan babur, a cikin daro, ya yi mana wata guda yana tunkuɗe min tukwane, sannan aka mayar da shi.

Ƙwan shekarar nan gafiya ce ta tone ta shanye su tas, ɓawo kawai muka tarar. Malam bai ci tuwon kirki ba kwana biyu. A lokacin na gane abin ya wuce wasa a wurinsa. Ya ce min shi dai yana so ya ga ɗan kunkuru ya fasa ƙwai da idonsa, ya ga yadda Allah yake naɗe ƙoƙon baya a cikin abin da bai wuce ƙwan zabuwa ba. Abin da yake so kenan, ba sayarwa ba, ba magani ba.

Shekara ta zagayo, aka sake ɗauko ango, Baƙuwa ta sake zubawa. Wannan karon dabarar tawa ce, kuma ba na jin kunyarta, don kowace mace a ƙasarmu abin da za ta ce kenan. Zabuwa ba ta iya kwanci ba, don haka ƙwanta kaza muke sa wa ta ƙyanƙyashe, tun iyaye da kakanni. Ina da wata jar kaza mai kwanci, wadda ko dutse ka sa mata za ta rungume. Na ce a sa mata. Malam ya yarda har da yaba min. Muka tono ƙwan muka jera mata a akurki, ta gyara zama ta baje fiffike, tana juya su da baki safe da yamma kamar yadda kowace kazar kirki take yi. In ta tashi cin abinci ni ma nakan taya ta juyawa, don hannuna ya saba.

Lokacin ƙwan kaza ya wuce, na zabuwa ya wuce, na agwagwa ma ya wuce. Kazar ta rame har ƙashin ƙirjinta ya fito, tana kallona da ido ɗaya kamar mai tambayar me ta yi min. Rannan Malam ya ɗauki guda ya kai kunne ya girgiza don ya ji ko da motsi, sai ya fashe masa a gemu. Baragurbi ne na gaske. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ya wanke da sabulu, ya wanke da toka, ya shafa turare, duk da haka a masallaci an bar masa fili dama da hagu. Kazar kuwa tun daga ranar ba ta ƙara yarda da ni ba.

Shi ya gano kuskurenmu, kuma ba wanda ya gaya masa. Yana zaune a kan turmi yana kallon Baƙuwa tana cin harawa, sai ya tambaye ni ko na taɓa ganin ta koma wurin ƙwanta bayan ta binne. Na ce a'a, uwar banza ce. Ya ce ba uwar banza ba ce, mu ne muka yi shisshigi. Ƙwan kaza yana son juyi, nata kuwa yadda ya faɗi a rami haka yake son zama, saman yana sama, ƙasan yana ƙasa, har ranar fita. Ni da kazata mun yi ta wuntsila 'ya'yan mutane har muka kashe su da kulawa. Ya ce abin da ake bukata shi ne rami wanda gafiya ba ta isa gare shi ba, sanyi bai isa ba, Uwar Kaji ma ba ta isa ba.

Ya shafe damina yana ƙera abin a ransa. Da aka gama girbi ya fara da gwangwanin kananzir babba: ya yanke samansa, ya zuba yashi, ya ɗora a kan duwatsu uku, ya kunna fitila a ƙasa da lagwani a ƙanƙance. Don gwaji ya sato min ƙwan kaza huɗu ya binne. Da hantsi na same shi a bayan rumbu yana ɓare su yana dangwala yaji. Sun dahu sarai. Ya miƙo min ɗaya ya ce aikin yana tafiya, saura gyara kaɗan. Na karɓa na ci, don ƙwaina ne.

A wannan kakar ce tari ya kama shi, ƙafafunsa suka fara kumbura. Keken ma ya daina hawa. Na dame shi har ya shiga mota ya tafi asibiti a Kazaure, shi kaɗai, ya ƙi in kira babban ɗanmu ya raka shi. Ya dawo da la'asar da ƙullin magani a aljihu da rabin buhun yashi mai laushi da ya sa aka ɗebo masa a bakin dam. Na tambaye shi me likita ya ce. Ya ce likita ya ce gajiya ce, da kuma yawan surutun iyali. Na sake tambaya, ya ce in taɓa yashin nan in ji, ko garin tuwona bai kai shi laushi ba. Daga wannan rana ya watsar da zancen fitila da gwangwani gaba ɗaya.

Rannan na dawo daga barkar suna na tarar babbar randata babu ita a mazauninta, randar da gwaggon da ta raine ni ta ba ni, mai sanyin ruwa. Na same ta a ɗakin girki. Ya haƙa rami a gefen murhuna ya binne ta zuwa rabi, ya huda ƙananan ƙofofi a wuyanta da ƙusa don iska. Ya jera tubali ɗaya tsakaninta da murhu. A ciki ya shimfiɗa tsakuwa, ya bi da yashin dam da ya yayyafa wa ruwa, ya ajiye ɗan kasko da ruwa a gefe. A bakinta kuwa rariyata ce ta tankaɗe, sabuwa, ya kifa ya danne da dutse saboda gafiya, ya ɗora faifaina a sama, ya zagaye gindin da toka saboda tururuwa. Duk abin da ke wurin nawa ne, in ban da ƙusar da yashin.

Na yi faɗa. Na ce ko ruwan sha ma yanzu sai na nemi izinin kunkuru? Ya bar ni na gama, sannan ya kama hannuna ya tura gwiwar hannun cikin yashin. Ya ce in riƙe wannan ɗumin a jikina: kamar nonon da aka tatso ya ɗan sha iska, kada ya fi haka, kada ya gaza. Ya ce fitila wutarta ba ta da hankali, amma murhu in an hura shi da safe aka hura da yamma, ƙasar gefensa takan riƙe ɗumi ta yi ta saki a hankali har wani girkin. In zafi ya shigo in ƙara tubali a tsakani. In yashi ya bushe in tsoma tsintsiya a ruwa in yarfa. Na ce me ya sa yake koya min, ba shi ne mai ƙwai ba? Ya ce shi ne mai ƙwai, amma ni ce mai murhu.

Ango dama ya riga ya zo ya koma kamar bara. Da Baƙuwa ta zuba, Malam ya durƙusa da ƙyar a gindin katanga, numfashinsa yana fita da ƙara. Ya ce in kawo tanduna na kwalli. Kafin ya ɗaga kowane ƙwai sai ya ɗiga masa kwalli a tsakar ka da tsinke, don a san sama. Ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya da ludayi, yana tafiya kamar mai ɗauke da cikakken ƙoƙon mai, yana ajiye shi a randa da ɗigon yana kallon sama. Sun haura goma. Da ya gama bai mayar min da tandun ba, ya sa a aljihu. Na ce ya ba ni abina, gobe akwai biki. Ya ce, “Bar shi a wurina, Uwar Kaji. Idonki zai huta da kwalli kwana biyu.”

Na ɗauka tsokana ce irin tasa, na ce zan rama. Har na shirya ɗinke masa bakin aljihun rigar. Mai takaba ba ta sa kwalli, kowa ya san wannan, amma a ranar ko kusa hankalina bai kai can ba. Sai daga baya maganar ta dawo min, kuma har yau ba ta bar ni ba.

Bai yi sati biyu ba bayan haka. Ranar wata Talata da hantsi Allah ya karɓi abinsa, 'ya'yansa suna gefe, ya cika da kalmar shahada. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ba ni da bakin faɗin yadda gidan ya koma. Mutum ɗaya ne ya fita, amma ko motsin akuya sai na ji kamar a kango.

Gidan rasuwa ba a ɗora tukunya, maƙwabta ne ke aiko da abinci. Da yamma ta yi, mata cike da tsakar gida ana ta salati, sai na ji sanyi ya fara sauka, na tuna randa. Na tashi da mayafina na shiga ɗakin girki na hura wuta. Ƙanwarsa ta biyo ni, ta ce min cikin raɗa, Yaya, lafiya? Mutane suna kallo, za a ce ba ki damu ba. Na ce ƙwan yayanta ne ke jin sanyi. Ta leƙa randar, ta ga ɗige-ɗigen kwalli suna kallonta, ta rasa kuka za ta yi ko dariya, sai ta haɗa duka biyun. Ita ta tsaya a bakin ƙofa tana gaya wa mata ruwan zafi nake dafawa.

Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in, kowa ya koma gidansa. 'Ya'yana maza suna Kano, macen tana Kazaure, sukan zo su tafi. Na rage ni da Baƙuwa da jar kazar da ba ta yi min magana. Gaskiya ba na son abinci a lokacin. Da son raina ne, in kwanta in juya wa ƙofa baya har Allah ya yi yadda ya so. Amma randa tana son wuta safe da yamma. Ni kuma tarbiyyar gwaggo ce, ba na iya ƙona itace a banza ba tukunya a kai. In na ɗora tukunya dole in zuba wani abu. In ya dahu ba na iya zubar da abincin Allah. Haka na yi ta ci, ina kuka ina ci, ina zaginsa a zuci irin zagin taubashi. Wata rana ina tsakiyar tuƙa tuwo na ajiye muciya na ce a fili, Malam, ashe tarko ka ɗana min. Ba wanda ya amsa sai kaza.

Abin da ya fi wahala shi ne hannuna. Shekara nawa ina juya ƙwai, sai ga waɗannan a gabana an ce kada in taɓa. In na ɗaga rariya don yarfa ruwa sai in ji yatsuna suna ƙaiƙayi. Nakan sa hannun hagu in riƙe na dama. Zafi ya shigo, na ƙara tubali, na sake ƙarawa. Ƙanwarsa in ta zo takan shinshina ta ce, Yaya, abin nan ya mutu, ki zubar ki wanke randarki kafin ya yi miki irin ta gemu. Ni ma zuciyata ta fara gaya min haka. Na ce mata ba zan zubar ba sai ranar da na fita takaba, in ya so in haɗa da wankin kaya.

Saura 'yan kwanaki in fita, da safe na dama koko na ɗaga faifai kamar kullum. Sai na ga ɗaya ya tsage daidai gefen ɗigon kwalli, wani ɗan baki kamar na tsuntsu ya leƙo. Na zauna a ƙasa da ludayi a hannu. Bai yi sauri ba, ɗan uwarsa ne, sai da rana ta yi tsaka sannan ya fito da kai da ƙafa ɗaya. Ƙoƙon bayansa a lanƙwashe yake, mai taushi, kamar ganyen da aka naɗe, ina kallo yana miƙewa a hankali. Abin da Malam yake son gani kenan. Ban san lokacin da na juya wajen ɗakinsa na ce, Malam, fito ka gani ba. Sai da na ji muryata ta dawo min sannan na tuna. Ranar na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka fita da shi.

Cikin kwanakin nan bakwai suka fito, sauran ba su yi ba. Na aika wa abokinsa na Roni biyu, na ce rabon dangin ango ne. Jikoki sun kwashi wasu. Ɗaya na riƙe, yana nan yanzu ya fi tafin hannu biyu, ya gaji uwarsa wajen cin rama. Randar kuwa ba ta ƙara riƙe ruwa ba saboda hudar ƙusa, tana nan a gefen murhu, duk shekara ina cika ta da yashi. Tandun kwallin na same shi a aljihun rigarsa ranar da na fita takaba, na sa a idona, hawaye ya wanke shi nan take.

To shin likita ya gaya masa ne, ya dawo ya auna kwanakin ƙwai da kwanakin takabata, ya ɗaure ni a murhu don kada in bi shi? Ko kuwa kunkurunsa kawai yake so, sauran Allah ne ya tsara? Wata rana in ce wannan, wata rana in ce wancan. Mutumin da ya sa min kwaɗo a tulu zai iya duka biyun.

A safiyar Talatar nan, kafin 'ya'yan su shigo ɗakin, na kai masa koko ya kasa sha. Na zauna a bakin gado ina share masa gumi, hawaye ya ɗiga masa a hannu. Ya buɗe ido ya dube ni, na ga gefen bakinsa ya motsa irin yadda yake yi in ya ɓoye min wani abu a tulu. Ya ja numfashi, na sunkuya don in ji.

Ya ce, “Uwar Kaji, na san hannunki. Ki hura wuta, ki ci abin da kika dafa. Amma kada ki juya min ƙwai.”